Tsakanin Makka da Madina: bas zaka hau ko jirgin ƙasa na Haramain?

Duk wanda yake shirin Umara, musamman wanda ba ejan ne ya haɗa masa komai ba, akwai tambayar da dole sai ta taso tun kafin a bar gida, wato ya za'ayi da tafiyar Makka zuwa Madina ko Madina zuwa Makka. Amsar da mutane suke saurin bayarwa ita ce jirgin ƙasa mana, awa biyu da ɗoriya ka isa. Eh gaskiya ne jirgin akwai gudu, amma ni a ganina gudun shine abu na ƙarshe da ya kamata ka duba. Abinda zai raba maka gardama shine ina ka nufa a cikin garuruwan biyu, wane irin kaya ne a hannunka, sannan kuma da wa kake tafe.

Bari in fara da bas tunda shine tsohon hannu. Sunan da kowa ya sani shine SAPTCO, kamfanin sufurin Saudiyya da aka kafa a 1979, wato 1399 ta Hijira, zamanin Sarki Khalid, hedikwatarsa na Riyad. Sama da shekara 40 shi kaɗai ne yake da izinin ɗaukar fasinja da tikiti daga gari zuwa gari a ƙasar, har ma yana tsallakawa maƙwabta irin su Bahrain da Daular Larabawa da Jodan, shi yasa iyayenmu da sukayi Hajji da Umara tun da daɗewa in suka ga babbar safa a can kawai SAPTCO suke ce mata ko ta wane kamfani ce. Toh amma abin ya canza a watan Oktoba 2023, lokacin da hukumar sufuri ta ƙasar ta raba hanyoyin gari zuwa gari gida uku ta baiwa kamfanoni uku, hanyoyi 76 da suka haɗa garuruwa sama da 200. Yankin kudu aka baiwa SAT, wanda haɗin gwiwa ne tsakanin SAPTCO ɗin da kamfanin Alsa na ƙasar Sifen, su ne masu zuwa irin su Abha da Jizan da Najran. Yankin arewa na Darb Alwatan ne. Arewa maso yamma kuma na North West Bus, kuma nan ne abin ya shafe mu domin Madina da Yanbu da Tabuk a ɓangarensu suke, hanyar Makka zuwa Madina da Jidda zuwa Madina su zaka nema. Na faɗi wannan ne saboda har yanzu ana turo wa mutane tsohon bayani a waya cewa kaje tashar SAPTCO ka yanki tikitin Madina, mutum yaje yana ta bulayi da akwati a rana. SAPTCO yana nan bai mutu ba, yana cikin masu tafiyar da bas-bas na cikin garin Riyad tare da kamfanin RATP Dev na Faransa, yana yin na cikin Jidda, kuma yana bada hayar motoci ga kamfanonin Hajji da Umara, kawai dai ba shi kaɗai bane a kan titi yanzu.

Motocin kansu ba laifi wallahi. Manyan safa ne masu kujera 40 da wani abu, da esi mai ƙarfi wanda in baka riƙo wani abin rufa ba zaka ji a jikinka musamman kana cikin harami, da ɗan banɗaki a ciki, da babban wajen kaya a ƙasa. SAPTCO an san shi da Mercedes Travego, amma mafi yawan motocin da zaka gani suna jigilar mahajjata yanzu ƙirar Chana ne, Yutong da King Long da Higer, kuma sababbinsu basu da abin kushewa.

Sai dai akwai wani abu da mutane suke cakuɗawa in ana maganar bas. Bas ɗin tikiti daban, bas ɗin ejan daban. Na tikiti yana da lokacin tashi, kana da lambar kujera, in lokaci yayi zai tashi ko ya cika ko bai cika ba, kuma sunan tashar da zaka hau yana rubuce a tikitin don haka ka karanta shi da kyau kafin ka tari tasi. Na ejan shine wanda ake turowa ƙofar masauki ya kwashi duka rukuninku, kuma kusan duk ƙorafin da kake ji cewa bas wahala ne daga nan yake fitowa, domin za'a ce kowa ya sauko da kayansa bayan Asuba, ku sauko ku zauna a falon otal, mota bata zo ba sai hantsi, in tazo kuma a fara lodi, wani ya tafi ɗawafin bankwana bai dawo ba, wata ta leƙa kasuwa ƙarasa tsaraba, sai kaga Azahar tayi ba'a motsa ba. Laifin ba na titi bane, na jiran mutane ne.

Titin kuwa shine wanda ake kira titin Hijira, kilomita 400 da ɗoriya, shimfiɗaɗɗe mai faɗi, bas yana cinye shi a awa 5 zuwa 6 har da tsayawa a wajen hutu ayi sallah a ci abinci a kama ruwa. Ba zan ɓoye maka ba, hanya ce mai tsawo a miƙe ɗoɗar cikin duwatsu da fili, irin wadda take saka direba gyangyaɗi, kuma a lokacin cunkoso direbobin suna yin sawu akan sawu. A watan Oktoba 2019 wata bas ta haya ɗauke da masu ziyara tayi karo da babbar motar aiki a wannan hanyar kusa da Madina, mutum 35 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Don haka in bas zaka hau ka zaɓi na rana in da hali, ka ɗaura bel ɗin kujera ko da na kusa da kai bai ɗaura ba, kuma in tafiyar dole sai cikin dare ce toh ni anan jirgi nake baka shawara ba tare da dogon lissafi ba.

Shi jirgin Haramain Sarki Salman ne ya ƙaddamar dashi a ƙarshen Satumba 2018, aka fara ɗaukar jama'a a Oktoba na shekarar. Layin kusan kilomita 450 ne, jiragen ƙirar kamfanin Talgo na Sifen ne guda 35, kowanne yana ɗaukar mutum 417, kuma suna gudun kilomita 300 a awa. Tasha biyar gareshi, Makka a unguwar Rusaifa, Jidda a Sulaimaniyya, filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz, birnin kasuwanci na Sarki Abdullah kusa da Rabig, sai Madina. Wani abin sha'awa, tun 1908 Turkawan Usmaniyya suka kawo layin dogo daga Dimashƙa har Madina da niyyar ya ƙarasa Makka amma bai taɓa ƙarasawa ba, tsohuwar tashar tana nan a Anbariyya an maida ita gidan tarihi, sai bayan shekara 110 sannan jirgin ƙasa ya haɗa garuruwan biyu. Daga Makka zuwa Madina kamar awa 2 da minti 20 ne, in yana tsayawa a tashoshin tsakiya ya ɗan ƙara kaɗan. Ciki tsaf tsaf, ba girgiza, ga banɗaki ga taragon da ake sayar da shayi da abin taɓawa, kana iya tashi ka miƙe ƙafa, ga mai ciwon baya ko ciwon suga ko mai yawan zagayawa wannan ba ƙaramin sauƙi bane.

Amma kayi lissafin daga ƙofar masauki zuwa ƙofar masauki, kada ka tsaya a abinda aka rubuta a tikiti. Tashar Rusaifa tana da 'yan kilomitoci daga Harami, sai ka nemi tasi ko ka hau bas ɗin cikin gari na Makka, kuma in ka fito daidai lokacin da aka tashi daga sallah hanyoyin kusa da Harami a cushe suke wasu ma a rufe. Dole ka isa da wuri saboda akwai binciken kaya kuma ana rufe ƙofar shiga kafin lokacin tashi, jirgin nan baya jiran kowa. In ka sauka Madina ma tashar tana can gabashin gari nesa da Masallacin Annabi (SAW) fiye da yadda ta Makka take da Harami, wata tasin ce kuma ko bas. In ka haɗa duka zakaga awa 4 ta tafi ko kusa da haka. Har yanzu ya fi bas sauri, amma ratar ba kamar yadda ake zuzutawa bace, kuma ka ɗaga kayanka ka sauke sau huɗu a maimakon sau ɗaya.

Kayan nan kuwa shine babbar matsalar mutanenmu da jirgin. Ƙa'idarsu babban akwati ɗaya da bai wuce kilo 25 ba kuma mai iyakantaccen girma, sai ƙaramar jaka ta hannu. Kai kuma ka san yadda muke komawa gida, dabino da dardumai da jallabiyoyi da abayoyi da turare da kayan wasan yara, akwati biyu manya da wani ƙullin a gefe. Na taɓa ganin wata Hajiya a tasha ta durƙusa ta buɗe akwatinta a ƙasa tana ciro kaya tana cusawa a jakar 'yarta, jikanta na kuka, allon sanarwa yana nuna saura 'yan mintuna, ita kuma sai salati take tana cewa ai ba'a gaya mata ba. Ma'aikatan ƙa'idarsu suke bi, wanda ya saya mata tikitin ne ya kamata ya faɗa mata. A bas kuwa sai a buɗe cikin motar ta ƙasa a zuba, musamman na ejan wanda ba wanda zai tsaya auna maka.

Yanzu ga maganar da ta fi komai nauyi a wajena, mikati, wato iyakar da mai shiga Makka da Umara ko Hajji yake ɗaura harami kafin ya wuce ta. Wanda ya taso daga Madina zai shiga Makka da Umara mikatinsa Zul Hulaifa ne, inda ake kira Abyar Ali, 'yan kilomitoci kaɗan daga Masallacin Annabi (SAW), kuma shine mikatin da ya fi kowanne nisa da Makka. Daga nan Manzon Allah (SAW) ya ɗaura harami a Hajjin bankwana. Bas ɗin ejan da motar haya suna tsayawa a nan, ka sauka kayi wanka ko alwala a natse domin wajen akwai banɗakuna da wuraren wanka masu yawa, kayi nafila raka'a biyu, ka ɗaura niyya, jagoranku ya ja talbiyya kowa ya amsa, motar ta tashi ana Labbaika gaba ɗaya. Ga wanda wannan ne zuwansa na farko, ko tsohon da karatunsa bai yi nisa ba yana buƙatar a riƙa faɗa masa yana maimaitawa, wallahi wannan tsayawar ta fi awa biyun da jirgi zai rage masa daraja. In na tikiti zaka hau ka tambaya tun a wajen yanka ko motar zata tsaya a mikati da kuma minti nawa take bayarwa, kuma ka saka haraminka tun daga masauki don kada lokacin ya ƙure maka.

Jirgi baya tsayawa a mikati. Kana barin tashar Madina ba da jimawa ba zai zo daidai da wajen, akan yi sanarwa, kuma a wannan gudun in ka tsaya neman inda ka ajiye ɗan littafin addu'a an wuce. Don haka mai hawa jirgi dole yayi wankansa ya saka haraminsa a masauki, ya shiga jirgi a shirye, da an motsa hankalinsa na kan niyya ba kan ɗaukar hoto ba. Wasu kuma sukan ɗauki tasi daga masauki zuwa Abyar Ali su ɗaura niyya a can sannan a wuce dasu tashar jirgi, wannan ya fi kwanciyar hankali amma ƙarin kuɗi ne da ƙarin lokaci. Abin ba wasa bane domin malamai sun ce wanda ya wuce mikati bai ɗaura harami ba alhali da niyyar Umara ya fito toh ko dai ya koma ko kuma yanka ya hau kansa, kuma kuɗin ragon ya ninka kuɗin tikitin. Ka zauna da malaminka kafin tafiya ya warware maka wannan dalla dalla.

Sai dai tsayawa a mikatin ma tana da nata abin lura. Filin ajiye motocin Abyar Ali ƙato ne, bas-bas jere reras kusan duk kala ɗaya, maza duk sun koma fari fat ba hula ba babbar riga, wanda kuka taho tare ma sai ka kalle shi sau biyu kafin ka gane shi. Ƙofar da ka shiga masallaci ba lallai ita ka fito ba. A nan ne zakaga dattijo riƙe da silifas a hannu yana leƙa mota bayan mota, ya hau wata ya tarar da mutanen Indunusiya ya sauko. Dan Allah kafin ka bar motar ka ɗauki hoton lambarta da waya, ka karɓi lambar direba ko ta jagora, ka lura da lambar ƙofar da ka shiga, tsofaffi kuma kada a sake su su kaɗai, mata a haɗa su da wata mai wayo a cikinsu tunda ɓangarensu daban.

Toh kaga inda abin yake da sarƙaƙiya. Tafiyar Makka zuwa Madina babu maganar mikati, ita ce ta dace da jirgi, amma yawanci a lokacin ne kaya suka yi nauyi tunda an kwana biyu ana sayayya. Tafiyar Madina zuwa Makka kuma ga wanda ya fara sauka Madina kayansa basu da yawa jirgi zai karɓe shi ba matsala, amma ita ce mai mikati. Dabarar da naga tana aiki ga waɗanda suke cikin rukuni ita ce a zuba manyan kaya a bas ɗin ejan tare da matasan da zasu iya zaman awa shida su kula dasu, su kuma tsofaffi da masu lalura da mai ƙaramin ciki a saya musu tikitin jirgi su tafi da 'yar jakar hannu da magungunansu, mutum ɗaya mai ƙarfi ya raka su domin tashoshin manya ne akwai tafiyar ƙafa a ciki duk da akwai lifta, in akwai keken turawa ma ya fi. Su isa su huta suyi sallah a Masallaci kafin kayan su iso.

Maganar kuɗi, bas ɗin tikiti ya fi jirgi araha sosai, na ejan kuma yawanci ka riga ka biya shi a cikin kuɗin kujerarka don haka hawa jirgi biya biyu ne. Farashin jirgin yana hawa da sauka gwargwadon lokaci da kuma ajin da ka zaɓa, kuma a watan Ramadan musamman goman ƙarshe kujeru suna ƙarewa tun da kwanaki, wanda yace sai ranar tafiya zai saya toh yana iya kwana a inda yake. Ana saya a manhajarsu ta waya ko a tasha, da lambar fasfo, kuma sai katin bankinka yana aiki a ƙasar waje, in baya yi ka nemi wani ya saya maka ko kaje tashar da kanka tun kafin ranar.

In ku iyali ne mutum shida ko bakwai akwai hanya ta uku da ya kamata ku saka a lissafi, ku ɗauki shatar mota irin Hiace ko GMC daga ƙofar masauki zuwa ƙofar masauki. In kuka tara kuɗin tikitin jirgi na kowa da kuɗin tasi na nan da na can sau da yawa zakuga ba wani nisa tsakaninsu da riyal ɗin da mai motar zai nema, ga kayanku a tare da ku, ga tsayawa a mikati iya son ranku, kuma in kun shirya dashi yana iya bi daku ta Badar ku ziyarci inda akayi yaƙin da maƙabartar shahidai, abinda jirgi da bas ɗin tikiti ba zasu yi maka ba. Amma ku nemi mota mai lasisi ta hanyar otal ko kamfani, masu tsayawa a bakin titi suna kiran Madina Madina da yawansu basu da izinin ɗaukar fasinja, in jami'ai suka tare su a shinge ku ne zaku zauna a rana da yara. Kuma a gama magana tun kafin a ɗora akwati, nawa ne, har ƙofar wane otal, akwai tsayawa a mikati ko babu.

Masu aikin Hajji ta hannun hukumar alhazai wannan lissafin bai cika shafarsu ba, jigilarsu a tsare take rukuni rukuni ƙarƙashin hukumar motocin alhazai ta Saudiyya wadda ake kira Naƙaba, inda aka ce ka hau nan zaka hau.

Saura filin jirgin Jidda. Tashar Haramain tana manne da sabon ginin filin jirgin, wato tasha ta 1, in jirginku a nan ya sauka kana fitowa da kayanka tafiya kaɗan ce ka shiga jirgin ƙasa, ƙasa da awa ɗaya kana Makka, kuma ga wanda ya kwana a sama yana cikin harami wannan ni'ima ce. In kuma a tashar alhazai ko tsohuwar tashar arewa aka sauke ku toh akwai nisa, sai ka sake neman mota zuwa can, a irin wannan gara kawai ka hau motar da zata kai ka Makka kai tsaye. Kuma kada ka sayi tikitin da lokacinsa ya matse da saukarka, layin duba fasfo da jiran kaya ba wanda ya san tsawonsa, ka bar tazara mai kyau ko ka bari sai ka fito ka sayi na gaba. Ranar komawa gida kuwa da akwatuna sun cika sun batse, mota zaka nema har ƙofar filin jirgin, ruwan Zamzam ɗinka mai lita 5 kuma a can filin jirgin zaka saya don haka kada ka wahalar da kanka da ɗaukar jarka tun daga Makka.